Ciwon Mota Ba Ya Zuwa Ba Sallama

A zamanin da, idan aka ce malamin makaranta ko akawun En'e ya yi abin hawa, to, keke ake nufi, kuma ciwon keke bai wuce faci da kaca ba. Amma tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, mota ta soma shiga gidan ma'aikaci, har ga shi yau malamai da akawuna da yawa suna da tasu, ko Corolla, ko Golf, ko Peugeot 406, galibi 'yan Kwatano waɗanda suka sha tafiya kafin su zo hannu. Abin lura shi ne, da yawa daga cikinmu mun iya tuƙi, amma ba mu san cikin abin da muke tuƙawa ba.

Ga mutumin birni wannan rashin sani asarar kuɗi ce kawai. Ga wanda aikinsa yake Runka, cikin ƙasar Safana, kusa da dajin Rugu, abin ya fi nan. Kowa ya san abin da ƙasashen Safana da Batsari suka gani a hannun ɓarayin daji cikin 2019 da 2020 da bayansu. Wanda motarsa ta mutu a can da almuru, ga iyali a ciki, ba kuɗin gyara ba ne zai fara damunsa. Babban makaniki kuwa sai Dutsin-ma ko Katsina. Saboda haka ya kamata mai mota ya koyi gane ciwonta tun tana ƙofar gida, gama ciwon mota ba ya zuwa ba sallama. Yawancinsa kuwa ta ƙofa biyu yake shigowa, watau baƙin mai da man fetur.

Baƙin Mai

Baƙin mai shi ne jinin inji. Shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, shi ke rage zafi, shi ke kwashe dauɗa. Injin ƙaramar mota yakan ci wajen lita 4. Dubansa ba wuya. Ka tsai da mota a wuri mai baje, ka kashe inji, ka dakata minti 10 don man ya koma ƙasa. Sa'an nan ka zaro sandar awo, ka goge ta da tsumma, ka mai da ita, ka sake zarowa. Akwai alama biyu a jikinta, man ya kamata ya tsaya tsakaninsu. A yawancin motoci abin da ke tsakanin alamomin nan wajen lita 1 ne. Kada ka zarce ta sama da nufin kyautatawa, don mai idan ya yi yawa yakan yi kumfa, ya kuma matsa wa robobin inji har su yi yoyo.

Bayan yawa, sai ka dubi kama. Baƙi kawai ba laifi ba ne, alama ce man yana aikinsa. Amma idan ka ga ya koma kamar shayi da madara, to, ruwa ya shiga, kuma sau da yawa gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Ka leƙa lagireto, in inji ya huce sarai, za ka tarar ruwa yana raguwa. Idan man ya tsinke yana warin fetur, fetur ne ke tsiyaya cikinsa. Idan ka murza shi tsakanin yatsu ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, inji ya fara cin kansa, kada ka ɗauki doguwar hanya.

Akwai jar fitila mai siffar buta a gaban direba. In ta kama kana cikin tafiya, ma'anarta man ba ya zagawa da ƙarfin da ya kamata. Wannan ba ta jiran a kai gari. Ka ratse, ka kashe inji nan take, ka duba sandar awo. Tafiyar 'yan mintoci a haka ta isa ta ƙone inji, alhali kuwa wataƙila lita ɗaya tak ce maganin abin. Don haka mai hankali ba ya rabuwa da galan na baƙin mai a bayan mota.

Har wa yau, ba kowane mai ne ya dace da kowane inji ba. Lambobin nan na jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, kaurin man suke nunawa. Tsohuwar 504 ta saba da mai kauri, amma injunan zamani da yawa mai tsinkakke aka yi su da shi, kuma littafin motar ko murfin zuba mai yakan faɗi wanda ya dace. A ƙasa irin tamu mai ƙura, musamman da hunturu, gara a juye man gargajiya wajen kowace kilomita 5,000, a canja matacinsa tare da shi. Man da ake aunawa a kwalba bakin hanya kuwa, ba wanda ya san asalinsa. Araha ba ta ado.

Hayaƙi Da Fulogi

Ka sa wani ya taka totur, kai kuwa ka tsaya bayan mota ka dubi salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, ko don zobban fistin sun ci, ko robobin bawul sun bushe. Baƙin hayaƙi yana nufin fetur ya fi iska yawa. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda wuta ke ci. Amma ɗan tururin da kan fito da sanyin asuba ya ɓace, wannan ba kome ba ne.

Fulogi ma shaida ne. In an kwance shi aka ga bakinsa da ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya ke nan. In ya yi baƙin kunkunniya a bushe, fetur ya yi yawa. In ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. In ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana zafi.

Man Fetur

Inji ba fetur kaɗai yake ci ba. In an auna da nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana bukatar kashi 14.7 na iska. To, ka ga ashe matacin iska da ƙurar hanya ta toshe ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023, har lita ta haura naira 1,000 cikin 2024, ba mai albashin da zai iya wasa da wannan. Buɗe matacin iska a kaɗe shi kuwa ba ya cin ko kwabo.

Tsofaffin motoci kafireta ke haɗa musu fetur da iska. Na zamani kuwa famfo ne a cikin tanki ke tura man, ya bi ta mataci, nozul su fesa shi. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya, za ka ji famfon ya yi ɗan gurnani kamar na daƙiƙa 2. In ba ka ji ba, kuma mota ta ƙi tashi, a fara duba fis kafin a yanke wa famfo hukunci. In mota tana tafiya lafiya a hankali, amma ta riƙa shaƙewa da an hau tudu ko an taka ta, yawanci matacin fetur ne ya toshe, ko famfo ya gaji. Ka sani kuma, fetur ɗin da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfon. Al'adar nan tamu ta yawo da ɗan abin da bai kai a gani ba a ƙarshen wata, ita ke kashe shi. Gara kada tanki ya gaza rubu'i.

Sai kuma gurɓataccen mai. A farkon 2022 an shigo da fetur daga Antwap ta ƙasar Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, ya ɓata motoci a Legas da Abuja, har kamfanin NNPC ya fito ya yi bayani. Idan haka ta faru ta babbar ƙofa, ina ga abin da ake saye a jarka wurin 'yan bumburutu? Ba dukansu ne macuta ba, kuma a ƙauye wani lokaci ba makawa sai su. Amma ka zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi zai kwanta a ƙasa. In kuwa mota ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani jim kaɗan bayan shan mai, ka zargi man kafin ka zargi inji.

A Gaban Makaniki

Duk wannan ba don mutum ya zama makaniki ba ne, don ya san abin da zai faɗa masa ne. Wanda ya je ya ce, "Malam, mota ba ta jin daɗi," ya ba da wuƙa da nama. Wanda ya ce, "Tana baƙin hayaƙi, tana shaƙewa a tudu, tun ran da na sha mai a wuri kaza," ya rage rabin aiki. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur a Turai tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. In fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama, ka nemi a jona na'urar, kada ka yarda a cire ƙwan fitilar. Kuma a bi abu daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsada: mataci, fis, fulogi, famfo, sa'an nan a yi zancen sauke inji.

Mu malamai da akawuna mutanen rajista ne. To, a ajiye ɗan littafi a mota, a riƙa rubuta ranar juye mai, da kilomita, da yawan abin da aka ƙara. Kowace Juma'a da safe, da kuma duk ran da za a yi tafiya Katsina ko Dutsin-ma, a duba sandar awo, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Minti biyar ne. Allah shi ne mai tsarewa, amma an ce mu ɗaure raƙumi tukuna. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.