Mutuwar Walter Gowans a Girku: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Duk lokacin da aka tashi ba da tarihin Cocin ECWA a Kaduna, sunan Walter Gowans ne kan fara fitowa, kuma labarinsa yana yawo kala biyu. Wasu kan ce shahidi ne da sarakunan Musulmi suka kashe saboda addininsa. Wasu kuma kan ce ɗan aiken Turawan mulki ne, labarin harin da ya rutsa da shi kuwa ƙage ne don a ɓata sarakuna. A gari irin namu, inda kogi ya zama iyaka tsakanin mabiya addinai biyu tun bayan rikicin 2000, bai kamata a bar irin wannan zance babu tacewa ba. Abin da hujjoji suka nuna shi ne an kama Gowans a wani harin bayi, an sake shi da ransa, sannan ciwo ya kashe shi.

Gowans matashi ne daga Toronto ta Kanada, an haife shi a 1868. Ya sauka Legas ranar 4 ga Disamba 1893 tare da Thomas Kent na Amurka da Rowland Bingham, da niyyar kai wa'azin Kirista cikin ƙasar Hausa. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham a Legas, sauran biyun suka nufo arewa. Lokacin ƙasar ba ta zaune lafiya: Kano tana cikin Yaƙin Basasa tsakanin Tukur da Yusufawa, Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, kuma yana kai hare-hare kan garuruwan Gbagyi da maƙwabtansu. Ɗaya daga cikin hare-haren nan ya faɗa wa garin da Gowans ya sauka. Aka kwashe mutanen garin bayi, shi kuma ya rasa kayan da yake musaya da su ya sami abinci. Ya isa Zariya a galabaice, ya kama hanyar komawa bakin teku, ya rasu a Girku, kimanin mil 40 daga Zariya, a watan Nuwamba 1894 yana da shekara 26.

Maganar cewa kashe shi aka yi ba ta da tushe, domin tarihin da 'yan mishan ɗin suka rubuta da hannunsu ya ce zazzaɓi da atini ne ajalinsa. Mai ja zai iya cewa ai da ba a kama shi an raba shi da guzurinsa ba, da ya rayu, don haka kisa ne ta bayan gida. Gaskiya ne yunwa da wahalar kamu sun raunana jikinsa, kuma alhakin hakan yana wuyan maharan. Amma a duba abokan tafiyarsa. Kent ya mutu da zazzaɓi a Bida a watan Disamba na wannan shekarar, makonni kaɗan bayansa, Bingham ma da ƙyar ya sha a Legas. Sai a 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa cutar, ke nan samarin nan sun shigo ba su san abin da za su kare kansu daga gare shi ba. Da addininsa ne abin da ake farauta, ai yana hannun mayaƙan, babu mai hana su, amma suka sake shi, kuma ya shiga birnin Zazzau ya fita ba wanda ya taɓa shi.

Zargin cewa Turawan mulki ne suka turo shi ma shekaru sun ƙaryata shi. Gwamna Lugga bai ayyana mulkin Ingila a Arewa ba sai ranar 1 ga Janairu 1900. Kwantagora ta faɗi a 1901, Kano da Sakkwato a 1903, garin Kaduna kuwa bai zama hedikwata ba sai 1917. Gowans ya zo babu soja, babu albashin gwamnati, kuma ko bayan cin ƙasar, gwamnatin Lugga takura wa 'yan mishan ta yi a masarautun Musulmi. Tashar farko ta mishan ɗin su Gowans ta kafu a Pategi, ƙasar Nupe, a 1902, kafin ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin, ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Masu cewa harin ƙage ne su ma sun kauce. Ɓarnar Ibrahim Nagwamatse ba a bakin Turawa kaɗai take ba. Gbagyi suna riƙe da ita a tarihinsu na baka, kuma Sarkin Zazzau Kwasau, Musulmi ɗan'uwansa, shi ya nemi taimakon Turawa a 1902 sa'ad da mayaƙan Kwantagora suka addabi ƙasarsa. Amincewa da wannan ba cin mutuncin Musulunci ba ne, domin zaluncin sarki nasa ne, ba na addininsa ba.

Abin da ya fi kamata ya dame mu shi ne waɗanda ake mantawa da su. An sa wa makarantar Kent Academy da ke Miango da Jami'ar Bingham da ke Karu sunayen abokan Gowans, amma mata da yaran da aka kora cikin igiya daga garin nan ba a gina musu ko da aji ɗaya ba. Su ne harin ya cinye, kuma 'yan ƙasar nan ne. Fasto a kan mumbari da malami a majalisi, kowa ya faɗi labarin yadda yake: ciwo ne ya kashe baƙon, harin bayin kuma ya faru. Wanda ya ɗauki rabi ya bar rabi, rigimar yau yake nema, ba tarihi ba.