Wane inji ya dace da jirgin ruwanmu?



Yau hirarmu a kan jirgin ruwa take. Wani zai ce: mu mutanen Adar, mi ya haɗa mu da jirgin ruwa? To, in ka bar Tawa ka kama hanyar Abalak, ka yi wajen kilomita 50, za ka iske tabkin Tabalak. Akwai masunta nan, suna kama tarwaɗa da karfasa. Akwai kuma tabkin Ɗan Dutsi. A shekara ta 2005 anka sa su biyun cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Masuntanmu da gora da filafili suke tuƙi. Amma wanda ya je Gaya ko Yamai, ya ga jirage masu inji suna keta Kwara, sai ya komo gida yana cewa shi ma sai ya sayi nashi. Ɗan uwa, kafin ka saida sanka, ko ƙungiyarku ta ci bashi, tsaya ka ji yadda injunan ga suke.

Inji shi kaɗai ba ya tura jirgi. Aikinshi juya wani ƙarfe. A bakin ƙarfen akwai farfela, mai fukafukai kamar fanka. Farfela tana tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba, kamar dai yadda filafili yake yi a hannunka. Bambancin yana ga wurin da anka aje inji, da zurfin da farfela take bukata.

Wanda kunka fi gani shi ne injin ratayawa. Ana rataya shi a bayan jirgi, inji a sama, farfela cikin ruwa, ka riƙe hannunshi ka juya jirgi. Wani mutum a Amurka, Ole Evinrude, ya ƙera irinshi a 1909, daga nan ya bazu. Yau Yamaha ya fi yawa a Kwara da tabkin Cadi. Ana auna ƙarfinshi da doki: akwai mai doki 15, akwai mai doki 40. Yana da gudu. Da marece kana iya kwance shi ka kai gida, ɓarawo bai gan shi ba.

Amma yana son ruwa mai zurfi. Ƙafarshi tana sauka ƙasa da cikin jirgi. Kun san tabkunanmu: da damina su cika, da bazara su janye, bakinsu ya zama laka. Ƙarƙashin ruwa akwai kututture da ciyawa. In farfela ta bugi kututture, ta lanƙwashe ko ta karye. Ga wani abu kuma da masu saye ba su cika sani ba. Injin nan da ruwan tabki yake sanyaya kanshi. Yana tsotsar ruwa ta ƴan ramuka a ƙafarshi, ya fitar da shi ta baya, siriri kamar zare. In ya tsotsi laka da rairayi, ƴar robar da take tura ruwan ta cinye. Ruwa ya daina fita, inji ya yi zafi, ya ƙone. Saboda haka duk mai irin wannan inji, idonshi ya zamana ga zaren ruwan nan. In ya ɗauke, kashe inji nan take.

Manyan jirage na Mali, masu ɗaukar kaya da mutane tsakanin Mopti da Tumbutu, injinsu a cikin jirgi yake, yawanci mai shan gazuwal. Ƙarfen farfela yana huda jirgi ya fita ta ƙasa. Na kaya ne mai nauyi da tafiya mai nisa. Ba namu ba ne, mu wuce.

Akwai wanda ba shi da farfela a waje sam. Yana tsotsar ruwa ta ƙarƙashin jirgi, ya feso shi ta baya da ƙarfi. Wani manomi na ƙasar Niyu Zilan, Bill Hamilton, ya gyara wannan dabara a 1954, don kogunan ƙasarsu ba su da zurfi, duwatsu gare su. In yana gudu, ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi. Za ka ce ga namu ya samu. A'a. Bakin da yake tsotsar ruwa, ciyawa da leda suna toshe shi. Yana da tsada, kuma in ana tafiya sannu, yadda masunci yake yi, mai yake sha a banza.

Masu tseren jirage kuwa sun ɗaga farfela sama, rabinta cikin ruwa rabinta waje, don kada ruwa ya riƙe jirgi. Wasu jiragensu suna wuce kilomita 200 cikin awa guda. A 1978 wani mutumin Ostareliya, Ken Warby, ya ƙera jirgi na katako a bayan gidanshi, ya sa mishi injin jirgin sama, ya yi gudun kilomita 511 a awa. Wato kusan Tawa zuwa Yamai cikin awa ɗaya! Har yau ba wanda ya wuce shi, kuma mutum biyu sun rasa ransu wajen gwadawa. Wannan wasan masu kuɗi ne. Kifi ba ya jiran mai gudu irin wannan.

Wanda ni na ga ya fi kusa da bukatarmu, daga Tailan ya fito. Ana ce mishi mai dogon wutsiya. Manoma da masuntan can suna ɗaukar ƙaramin inji, su ɗora shi a bayan jirgi bisa ƙarfe mai juyawa, su haɗa mishi doguwar sanda ta ƙarfe, wajen mita biyu, farfela a bakinta. Sandar a kwance take shiga ruwa. In ka zo wurin ciyawa ko taru, ka danna hannu ƙasa, farfela ta fito waje, ka wuce, ka maida ta. Injin kuwa, irin na ban ruwan nan ne da kuke shayar da albasa da shi. Iska ke sanyaya shi, laka ba ta shiga cikinshi. Makanikin da yake gyara injin garka a Tawa ko Tabalak ya san cikinshi, kayan gyara kuma suna kasuwa. Aibinshi: ƙara gare shi, bai kai na ratayawa gudu ba, kuma farfelar tana yawo a fili. Kada ka tada shi yara suna wanka kusa.

Ko wane inji ka zaɓa, ka yi lissafi tukuna. Gora ba ta shan isansi. Rubuta cikin littafinka kuɗin kifin da kake samu a mako. Rubuta kuɗin man da inji zai sha, da na gyara. Ka tuna watannin da ruwa yake janyewa, inji yana kwance, bashi kuwa yana tafiya. In wurin sunka yana kusa da gaɓa, filafili ya ishe ka. In kuna da yawa kuma wurin yana da nisa, ku haɗu ku sayi ɗaya, ya ja jiragenku da safe, ya komo da kifi kafin rana ta ɓata shi.

Ruwan nan kuma shanu da raƙuma suna sha, garake suna sha. In za ka zuba mai ko ka canza baƙin mai, fito da inji bisa tudu, nesa da bakin ruwa. Kafin ka sa inji a tabki, je ka tambayi ma'aikatan gandun daji da shugaban masunta abin da doka ta ce.