Yadda A Ke Kafa Farantin Talabijin A Gida

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa ƙasar Kabo, lalle ya ga farantan ƙarfe a gidajen mutane. Waɗansu farare ne, waɗansu sun yi tsatsa, amma dukansu sun ɗaga baki sama. Mutane suna ce musu dish, waɗansu su ce satalayit. A ajinmu an sha tambayata, wai gaskiya ne akwai irin wanda ba a biyan kuɗin wata? Gaskiya ne, akwai. Amma mutum ya kan yi hasarar kuɗin gyaɗarsa ko na masararsa in ya shiga sayen kayan nan bai san kansu ba. Saboda haka bari mu bi maganar sannu a hankali.

A shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a Ibadan. Na Kaduna ya biyo baya a 1962. A Kano kuwa, zamanin Gwamna Abubakar Rimi aka kafa CTV, wanda yanzu a ke kira ARTV. Irin waɗannan gidaje daga kan dogon ƙarfe su ke watsa hoto, kuma hoton ba ya nisa ƙwarai. Dutse ya kan tare shi, nisa ya kan raunana shi. Shi ya sa a da mutumin ƙauye sai ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya yi ta juya ta, duk da haka hoton na yayyafi.

Tauraron ɗan Adam shi ya kawo maganin wannan. Rasha ce ta fara harba shi a 1957. A 1964 Amurka ta harba wani wanda ya tsaya wuri guda a sama, aka nuna wasannin da a ke yi a Tokyo ta ƙasar Japan har Amurka. Nijeriya ma tana da nata, sunansa NigComSat-1R, daga ƙasar Sin aka harba shi a watan Disamba na 2011.

To, yaya abu zai tsaya wuri guda a sama, ba igiya, ba ginshiƙi? Ba tsaye ya ke ba. Tafiya ya ke yi, yana kewaya duniya. Ita ma duniya juyawa ta ke, sau ɗaya a dare da rana. Shi kuma an sa shi a nisan da zai kewaye ta sau ɗaya a dare da rana, daidai wa daida. Ka ɗaura ƙoƙo a bakin igiya, ka riƙe ɗaya bakin, ka yi ta juyawa a tsaye. Ƙoƙon yana gudu, amma kullum yana gaban idonka. Haka tauraron nan ya ke a gare mu. Nisansa kuwa kamar kilomita 36,000 ne, watau mil 22,000 da 'yan kai. Kamar mutum ya yi tafiya daga Gwarzo zuwa Kano sau 500 ke nan. Gidan talabijin ya kan aika da hoto can sama, tauraro ya komo da shi ƙasa, ya yayyafa wa ƙasashe da yawa gaba ɗaya. Hawa da saukowa duka ba su wuce rubu'in daƙiƙa ba.

Abin da ke saukowa daga wannan nisa ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Nan ne amfanin faranti. Kun san yadda rufin ɗaki ya ke tara ruwan sama, indararo ya zuba shi cikin randa. Haka faranti ya ke tara saƙon, ya mai da shi wuri guda, watau kan wani ɗan abu da ke maƙale a bakin sandar da ke gabansa. Sunan ɗan abin nan LNB. Daga gare shi waya ta ke ɗaukar saƙon zuwa cikin ɗaki, ta kai wa wani ƙaramin akwati da a ke kira dikoda ko risiba. Dikoda ita ke warware saƙon, ta miƙa wa talabijin hoto da murya. Kayan ke nan: faranti, da LNB, da waya, da dikoda, da akwatin talabijin.

Tashoshin da ke kan taurari iri biyu ne. Akwai na kulle, kamar na DStv da StarTimes, waɗanda sai ka biya su ke buɗewa, in wa'adi ya cika su rufe. Akwai kuma na buɗe, waɗanda masu su suka sake su kyauta ga duk mai faranti. Su ne maganarmu. Da ka sayi kaya ka kafa, shi ke nan, ba mai zuwa karɓar kuɗin wata. Cikinsu akwai tashoshin labarai, da na wa'azi, da na wasan kwaikwayo, da tashoshin Saudiyya masu nuna Ka'aba da Masallacin Madina dare da rana. Tashar Arewa24, mai Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, a 2014 ta fara aiki da Hausa, kuma a buɗe ta fara. Amma in don ƙwallon Ingila za ka sayi faranti, gara in gaya maka tun yanzu, yawancin manyan wasannin nan a tashoshin kulle su ke.

Kada ka fara da zuwa kasuwa. Ka fara da zuwa gidan maƙwabcinka mai faranti. Ka zauna ka ga tashoshin da ya ke kamawa, ka tambaye shi sunan tauraron, ka auna faɗin farantinsa da idonka ko da igiya. Abin da ya kama a Getso ko Garo zai kama a Kutama ko Durun, gama duk sama guda ce a kanmu. Dalilin wannan tambaya shi ne, ba ko wane tauraro ne ke fuskantarmu sosai ba. Eutelsat 16A da Astra 2 suna da sashen da ke haska Afirka ta Yamma, ƙaramin faranti mai faɗin santimita 60 ko 90 ya kan ishe su. Nilesat da Arabsat kuwa ƙasashen Larabawa suka fi fuskanta, mu gefe mu ke samu, don haka su kan so babban faranti, wani lokaci har mai faɗin ƙafa 6. Wanda ya sayi ƙarami alhali tashar da ya ke so tana bukatar babba, ya sayi faifan shanya kuɓewa ne kawai.

In ka je sayen dikoda, ko a Gwarzo ko a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ka karanta jikin kwalin da kanka. Ka nemi haruffan HD, da kuma S2. Yawancin tashoshi sun koma sabuwar hanyar aika hoto, tsohuwar dikoda ba ta gane ta. Wani manomi daga ƙasar Kabo ya sayi tsohuwa da araha, aka kafa masa, murya na fita, hoto babu. Da ya mayar, mai kaya ya ce shi bai san zancen ba. Ka sa a kunna maka ita a kanti, ka karɓi rasit, ka duba an rubuta kwanan wata da kuɗin da ka biya. Waya kuma kada ka yi mata rowa. Ka sa a feɗe bakinta ka gani: mai kyau tana da jan ƙarfe a tsakiya da saƙa mai kauri a kewaye.

Sai wurin kafawa. Taurarin nan duka sun jeru a layi guda, a saman tsakiyar duniya, ko wane da lambar mazauninsa. Mu muna arewa da tsakiyar duniya da kamar digiri 12, saboda haka kullum suna kudu da mu. Gwarzo da Kabo kuwa suna wajen digiri 8 gabas. Ga ƙa'ida mai sauƙi. Tauraron da lambarsa ta fi 8 gabas, kamar Eutelsat 16A mai 16, ko Arabsat mai 26, yana kudu maso gabas. Nilesat yana 7 yamma, don haka kudu maso yamma za ka neme shi. Namu na Nijeriya yana 42 da rabi, ya karkata gabas ƙwarai. In ka fuskanci gabas, hannunka na dama shi ne kudu. Kada ka ɗauka alƙibla ce hanyarsu, gama alƙiblarmu ta ɗan karkata arewa ne.

A ƙasarmu taurarin suna can bisa sosai, ba kusa da ƙasa ba, saboda haka katangar maƙwabci ba ta cika tare su ba. Abin tsoro shi ne itace. Darbejiya ko mangwaron da ya yi wa faranti inuwa zai hana shi aiki, kuma reshen da bai kai ba bana zai kai baɗi.

Ni da kaina na yi kuskure a nan. Na kafa nawa a jikin katangar ƙasa da dogayen ƙusoshi, da rani, ya yi wata uku lafiya lau. Ruwan farko da ya zo da iska, katanga ta jiƙe, da safe na tarar da faranti a ƙasa ya lanƙwashe. Farantin da ya lanƙwashe kuwa ba ya komawa daidai, ko maƙeri ya buga shi. Abin da ya fi shi ne a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya ko fi, a kafa bututun ƙarfe, a zuba siminti da tsakuwa, a bar shi kwana biyu ko uku ya bushe. Kafin simintin ya kama, ka rataya dutse a zare ka gwada, ka tabbata bututun ya miƙe sak ta ko wane gefe. In ya karkace, duk wahalar da za a sha wajen saiti daga nan ta fito. A ƙasa ya fi kan rufi: ba hawa tsani, ba faɗuwa, kuma hannunka na kai wa gare shi. Sai dai a kewaye shi da ƙaya ko 'yar katanga saboda awaki da yara.

Ranar saiti, kada a ɗaura waya ko a kwance ta dikoda na kunne. Dikoda tana aika 'yar wuta ta cikin wayar nan zuwa LNB, in bakin waya ya haɗu sai ta ƙone. A kashe tukuna.

Ko wace tasha tana da lambobinta: lamba mai tsawo, sa'an nan harafin H ko V, sa'an nan wata lamba. Su a ke rubuta wa dikoda. Daga nan za ka ga layi biyu a fuskar talabijin. Ɗaya yana nuna ƙarfi, ɗaya yana nuna kyau. Na ƙarfi ya kan tashi ko faranti bai ga kome ba, muddin waya na haɗe. Na kyau shi ne abin dubawa. Mutum ɗaya ya riƙe faranti ta baya, ɗaya ya zauna gaban talabijin yana faɗin lamba da ƙarfi. A matsa kaɗan, kamar faɗin yatsa, a tsaya, a ƙirga biyar, a sake matsawa. Mai gaggawa ya kan wuce tauraron bai sani ba. In layin kyau ya motsa, sai a ɗaga ko a sauke kaɗan har lamba ta kai iyakarta. Bayan haka a murɗa LNB a cikin zobensa, dama ko hagu, za ka ga lamba ta ƙaru. Sa'an nan a ɗaure kusoshi ɗaya bayan ɗaya, ido na kan lamba. Wanda bai taɓa yi ba, ba laifi ya kira mai sana'ar, amma ya tsaya a kansa ya koya, kuma kada ya biya sai ya ga tashoshin da aka yi ciniki a kansu.

A naɗe bakin waya na waje da salatif don kada ruwa ya shiga. Inda waya za ta shiga ɗaki, a bar ta ta ɗan yi lilo ƙasa tukuna, ruwa ya ɗiga a waje.

Da damina, in hadari ya yi kauri, hoto ya kan tsaya ko ya ɗauke. Ba lalacewa ba ce, kada ka taɓa faranti, in ruwa ya wuce zai komo. Haka kuma wajen watan Maris da Satumba, rana ta kan bi ta bayan tauraro, hoto ya ɗauke 'yan mintoci na 'yan kwanaki. Amma in ana tsawa, ka kashe kaya, ka zare filogi da wayar faranti. Da hunturu kuma a share ƙura da tsumma a hankali.

Zancen wuta, dikoda ba ta ci da yawa, ba ta kai wat 20 ba. Talabijin marar tudun baya ma cinsa kaɗan ne, shi ya sa ƙaramin sola da batir su kan riƙe su 'yan sa'o'i da dare. Mai janareto ya bari injin ya daidaita kafin ya kunna kaya.

Za a zo maka da wata magana mai daɗi, a ce ka ba da wani abu a buɗe maka tashoshin kulle duka. Kada ka yarda. Hakkin mutane ne, doka ta hana, kuma su kan rufe bayan 'yan kwanaki, kuɗinka ya tafi.

In dikoda ta gama neman tashoshi, ta kan kwaso ɗaruruwa, na kirki da waɗanda ba su dace da gida ba. Mai gida da uwargida su zauna tun daren farko, kafin yara su karɓi rimot, su bi su ɗaya ɗaya. Wadda ba a so a goge ta, ko a kulle ta da lambar sirri. Lambar da dikoda ta zo da ita, sau da yawa sifiri huɗu ce, yara sun san ta, sai a sake wata. In an sake neman tashoshi, waɗanda aka goge su kan komo, sai a sake bi.

Tashoshi su kan sake lamba, wani lokaci ma su ƙaura zuwa wani tauraro. Ran da ka tashi ka ga tasha ɗaya ta ɓace, sauran suna nan, ba farantinka ba ne, sabuwar lamba za ka nema wurin maƙwabta ko mai saiti. In duka suka ɓace kuma sama garau, ka duba waya tukuna, sa'an nan faranti. Saboda irin wannan rana, tun ranar kafawa ka rubuta a littafinka sunan tauraron, da lambobin tashoshin da ka ke so, da lambar da layin kyau ya kai. Ka kuma ja layi da fenti daga maɗaurin faranti zuwa jikin bututu. In iska ta juya shi, sai ka komo da layin nan biyu su haɗu, ka ɗaure.