Yadda direbobin manyan motoci ke bibiyar yanayi a hanyoyin Kudancin Kaduna

Direban tirelar da aka yi wa lodin siminti buhu 600 yana jan nauyin tan 30 a bayansa, ban da nauyin motar kanta. Idan ya baro Akwanga da hantsi ya nufi Jos, zai ratsa Gwantu da Fadan Karshi a ƙaramar hukumar Sanga ta Jihar Kaduna, ya wuce mahaɗar Forest, sannan ya fuskanci Hawan Kibo. Abin da ya fi damunsa tun kafin ya tayar da mota shi ne ko zai tarar da kwaltar hawan a bushe, ko kuwa zai iske ruwa na zuba. Amsar wannan tambaya ba ta samuwa a wuri guda, don haka direbobi ke harhaɗa ta daga hasashen hukuma, da bakin abokan aikinsu, da kuma abin da idonsu ya gane musu.

Dalilin da yankin ya bambanta

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920. A yau kuwa mafi yawan kayan da jirgin ƙasa ya saba ɗauka sun koma kan tituna. Motoci na shigowa daga Kaduna ta Kachia da Zonkwa, wasu ta Kwoi, wasu kuma ta Gidan Waya daga babban titin Akwanga zuwa Jos. Suna kawo mai da siminti da takin zamani, su fita da citta da masara da sauran amfanin gona.

Garin yana gindin tsaunukan Filato ta kudu maso yamma, a tudun da ya ɗan haura mita 700, yayin da Jos ta haura mita 1,200. Iskar damina mai ɗauke da danshi daga teku kan yi karo da waɗannan tsaunuka, irin su Dutsen Kagoro, ta hau sama ta yi sanyi, sai ta sauke ruwa. Wannan ne ya sa damina kan sauka a yankin tun wajen watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwansa ya fi na Zariya da Kano yawa. Ga direba, ma'anar hakan ita ce yana iya barin rana a Kwoi ya tarar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a Kagoro.

Hasashen hukuma

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2003, ita ce ke da alhakin fitar da hasashen yanayi a Najeriya. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa a sassan ƙasar. Takan kuma fitar da hasashen kwanaki uku-uku da kafofin labarai ke yaɗawa, inda take bayyana jihohin da za su samu ruwa da tsawa ko ƙura, da safe ne ko da yamma. Sau da yawa takan ambaci Kudancin Kaduna daban da sauran jihar.

Ita kuwa Hukumar Kula da Koguna ta Ƙasa, NIHSA, takan fitar da hasashen ambaliya na shekara, ta kuma yi gargaɗi idan kogunan Neja da Binuwai suka fara cika, ko za a saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru. Wannan ya shafi direban da ke lodi a Kafanchan kai tsaye, domin kayan da za su tafi kudu dole su tsallake ɗaya daga cikin kogunan biyu. A 2012, da kuma watan Oktoban 2022, ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lakwaja. A karo na biyun, tankoki da tireloli sun yi kwanaki a tsaye a yankin Koton Karfe, har ƙarancin mai ya addabi Abuja.

Galibin direbobi na samun waɗannan bayanai ta rediyo, ko ta saƙon da wani ya turo musu a waya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana da gidan rediyon zirga-zirga a Abuja kan mita 107.1, da lambar gaggawa ta 122. Masu manyan wayoyi kuma kan duba manhajar yanayi. Sai dai duk wannan hasashe yana magana ne kan jiha ko gari. Ba zai gaya wa direba cewa kwalbati kaza ta cika ba, ko wata mota ta kife a kwanar da ke gabansa.

Labarin wanda ya riga ka wucewa

Wannan giɓi ne direbobi ke cikewa da junansu. Kafin tashi, direba kan kira abokin aikinsa da ya bi hanyar da safe, ko ɗan kamashon tashar da zai sauka. Zaurukan WhatsApp na direbobi sun sauƙaƙa lamarin, musamman da yake saƙon murya ba ya buƙatar iya rubutu. Mutum zai faɗi inda yake da abin da ya gani, wani lokaci ya haɗa da bidiyon gadar da ruwa ya hau. Ƙungiyoyi irin su NURTW, da NARTO ta masu motocin haya, da reshen direbobin tanka na NUPENG, su ma kan isar da sanarwa ga mambobinsu.

Wannan hanya ta fi kowace kusa da gaskiyar titi, amma tana da rauninta. Labarin ruwa yana saurin tsufa: wanda ya ce hanya lafiya lau da azahar bai san abin da la'asar ta zo da shi ba. Akan kuma sake yaɗa tsohon bidiyo kamar yau aka ɗauke shi. Saboda haka gogaggen direba kan fara tambayar lokacin da mai labarin ya wuce wurin. Haka nan akwai wuraren da waya ba ta samun sabis tsakanin duwatsu, don haka an fi neman labari tun ana tsaye.

Abin da ido ke gani

Bayan mota ta hau titi, sai idon direba da na yaron motarsa. Sanannen abu ne cewa hadarin da ke zuwa da iska daga gabas yake tasowa. Idan gabas ta yi baƙi da yamma, iska mai sanyi ta fara kaɗawa, ruwa ya kusa. Motocin da ke tahowa daga gaba ma shaida ne: idan jikinsu a jiƙe yake, fitilunsu a kunne, an san abin da suka baro. Ganyen da aka jera a kan kwalta kuwa alama ce ta motar da ta lalace a gaba.

Ruwan farko shi ne mafi hatsari, domin yana haɗuwa da ƙura da man da motoci suka zubar tsawon rani, kwalta ta yi santsi. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, direban da ya dogara da birki kaɗai zai sa shi ya yi zafi ya daina kamawa, shi ya sa ake saukowa da ƙaramar giya. Hanyoyin jar ƙasa da ke shiga ƙauyukan masu citta a Jaba da Kachia kan zama taɓo, mota mai kaya ta kafe. Shi kansa kayan yana buƙatar tampol mai kyau, domin jiƙaƙƙen siminti ya tashi aiki, busasshiyar citta kuma tana ruɓewa idan ta sha ruwa.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, matsalar ta koma ta gani. Iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, kuma NiMet kan yi gargaɗi idan ana sa ran nisan gani zai gaza mita 1,000. Direban da ya ji hazo ya rufe Maiduguri da Kano ya san yana tafe kudu. Hayaƙin ƙonen daji na ƙara dagula lamarin, kuma a daidai wannan lokaci ne ake kakar citta, motoci ke yawaita. A cikin hazo, doguwar fitila dawo wa direba da haske take yi a ido, gajeruwar ta fi amfani.

Yanke shawarar tsayawa

Duk wannan bibiya ba ta da amfani sai an yi aiki da ita. Direba na da mai kaya da ke jiran isowarsa, ga kuɗin hanya da aka ƙayyade masa, kowane kwana da ya ƙara daga aljihunsa zai ci. Matsalar tsaro a wasu sassan yankin ma takan sa ba ko'ina ake son dare ya riski mutum ba, sai ya gwammace ya kutsa cikin ruwa don ya kai gari.

A nan ne sanin yanayi tun da wuri ke da rana. Wanda ya san ruwan yankin ya fi sauka da yamma zai yi sammako ya wuce hawa kafin hadari ya haɗu. Wanda ya ji labarin ambaliya tun yana Kafanchan zai iya sauya hanya ko ya jinkirta lodi. Masu motoci da masu kaya su ma suna da rawar takawa, ta hanyar sanya jinkirin damina cikin lissafinsu, domin asarar yini guda ba ta kai ta mota da kayanta da rayukan da ke ciki ba.