Doki a Turke, Mai Jinya a Ɗaki

A bakin titin Zariya, ta wajen Gyadi-Gyadi a ƙaramar hukumar Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988. Nan mata da yawa masu sankarar mama suke zuwa tiyata da karɓar allurar kemo. Wasunsu kuwa daga gidajen da ake kiwon doki suke fitowa, domin a Kano ba sarakai kaɗai ke ɗaure doki ba. Akwai mai kiwo don Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, akwai mai bayarwa haya ranar hawan angwanci. Likita zai yi wa mara lafiya bayanin abinci da magani, amma da wuya zancen barga ya taso, saboda ba a tambaya ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba.

Gaskiya ne mata kaɗan ne ke hawa a garin nan. Amma wa ke jiƙa dusa da kanwa in yaran gida sun tafi makaranta? Wa ke share tsakar gida inda iska ta watso harawa da busasshen kashin doki? Sau da yawa uwar gida ce. Kuma maza ma suna kamuwa da wannan ciwo, kusan ɗaya cikin ɗari na masu shi, ga shi su ne mahayan.

Babban abin lura shi ne lokacin kemo. Galibi ana yin allurar ne duk bayan mako uku, kuma tana kashe ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta tare da na sankarar. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura garkuwar jiki take faɗuwa ƙasa warwas. Matar na iya jin ta ɗan samu sauƙi, amai ya lafa, har ta ɗauki tsintsiya, alhali a kwanakin ne ƙaramar cuta ke iya kayar da ita. Ɗauki damin harawar da aka ajiye tun kaka a ɗakin da ya taɓa yoyo. Ka kwance shi, wata farar ƙura za ta tashi, da warin ruma. Mai lafiya atishawa zai yi ya wuce. Wadda garkuwarta ta yi rauni kuwa, wannan funfunar tana iya sauka a huhunta. Kashin doki yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da na tetanas, makero kuma yakan tsallako daga fatar dabba zuwa ta mutum. Don haka shara, kwashe kashi da kwance harawa su koma hannun wani har a gama kemo. In dole ta matsa kusa, ta sa takunkumi da safar hannu da rufaffen takalmi, ba silifa ba, ta wanke hannu da sabulu bayan nan.

Bayan tiyata matsalar ta koma hannu. Idan an cire kaluluwar hammata, ruwan jiki ba ya zagayawa yadda ya saba a wannan ɓangaren, kuma hannun na iya kumbura ko bayan shekaru. Makonni huɗu zuwa shida na farko ba na ɗaukar bokitin ruwa ko sirdi ba ne. Ragama ma kada a naɗe ta a wannan hannun. Doki ya ji ƙarar babur ya fizge kai, ɗinki ya tafi. Ƙujewar igiya ko cizon ƙuda a wurin, a wanke nan take a sa ido. Wadda aka tura Shika, asibitin koyarwa na Zariya, ko Abuja don gashin na'ura, fatar ƙirjinta ba ta son gumi da gogayya da ranar bazara.

To hawan fa? Ba a ce motsa jiki laifi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya yi aƙalla minti 150 a mako, kuma an tabbatar motsi yana rage kasalar da magani ke kawowa. A Italiya a 2014 an yi gwaji da mata ashirin, rabinsu suka hau doki, aka ga ƙarfin masu hawan da walwalarsu sun ƙaru. Sai dai waɗannan sun riga sun gama magani, dawakan kuma horarru ne masu sanyin hali, ba ingarman da aka cika da gero ana jiran Sallah ba. Abin tsoro shi ne faɗuwa. Magunguna irin su paclitaxel suna sa yatsu su yi dundum, mahayi ba ya jin linzami sosai, bai san ƙafarsa ta zame daga likkafa ba. Kemo na rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Letrozole da anastrozole suna rage ƙarfin ƙashi. Ga shi mata da yawa a ƙasar nan sai ciwon ya yi nisa suke zuwa asibiti, wani lokaci har ya taɓa ƙashin baya ko na ƙugu. Mai irin wannan, a ganina, ko kilisa kada ta yi sai likita ya duba hoton ƙashi ya amince. Sukuwa kam a manta da ita tukuna.

Ban goyi bayan dangin da ke kulle mara lafiya a ɗaki kamar amarya ba. Mai son dokinta ta fito da sanyin safiya ta shafa wuyansa, ta miƙa masa ɗanyar ciyawa, wani na riƙe da ragama. A dai matsar da turken nesa da tagar ɗakinta, a yayyafa ruwa kafin shara, musamman da hunturu.

Gidan kuma ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan ana cikin kemo zafi ya kai digiri 38, ko aka ga rawar ɗari, ba a shan farasitamol a jira gari ya waye, domin yana ɓoye zazzaɓin ne kawai. A ɗauki katin asibiti a nufi sashen gaggawa a daren, a gaya musu ranar allurar ƙarshe, a kuma gaya musu akwai doki a gidan.