Murar annoba ta fi son majiya ƙarfi

A zango ko a tasha, in aka ce wane na fama da mura, ba mai ɗaga kai. Sai dai a ce masa, "Ai mura ce, sha citta da lemun tsami ka fito kasuwa." A yawancin shekaru hakan bai zama kuskure ba, domin murar da ke zagayowa kowace shekara tsofaffi da jarirai ta fi kayarwa. Amma lokaci zuwa lokaci sabon nau'in ƙwayar cutar yakan ɓullo, wanda jikin mutane bai san shi ba, ya game duniya. A irin wannan shekarar lissafin yakan juye.

Haka ta faru a 1918. Jirgin ruwa ne ya sauke cutar a Freetown ta ƙasar Saliyo a watan Agusta, ta bi gaɓar teku zuwa Ankara da Legas, daga nan jirgin ƙasa da hanyoyin fatake suka shigar da ita cikin ƙasa har Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum kusan miliyan 50 a duniya. Abin da ya ɗaure wa likitocin lokacin kai shi ne yawan 'yan shekara 20 zuwa 40 a cikin mamatan, wato masu ɗaukar kaya, masu ciyar da gida. Mutum ya kwanta da zazzaɓi, bayan 'yan kwanaki huhunsa ya cika da ruwa, fuskarsa ta yi shuɗi-shuɗi.

A 2009 ma an ga makamancin haka, ko da yake da sauƙi sosai. Nau'in H1N1 ya ɓulla a Meziko da Amurka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana shi annoba a ranar 11 ga Yuni. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba su kai shekara 65 ba. Dattawa da yawa sun tsira ne don jikinsu ya taɓa haɗuwa da dangin wannan ƙwayar tun suna yara. 'Yan makaranta da matasa su suka fi kamuwa, masu juna biyu kuwa sun sha wuya ƙwarai.

To yaya ake gane ta? Ba kamar murar yoyon hanci ba ce da ke zuwa a hankali. Wannan farat ɗaya take kamawa: zazzaɓi mai zafi, busasshen tari, ciwon maƙogwaro, ciwon kai, jiki kamar an yi maka dukan tsiya. Yara kan haɗa da amai da gudawa. Tsoho kuma wani lokaci ba ya ma zazzaɓi, sai dai a ga ya rikice, ya daina cin abinci. Daga kamuwa zuwa bayyanar alamu kwana 1 zuwa 4 ne, isasshen lokacin da mutum zai hau mota daga Kumasi ya sauka Kano yana ganin lafiyarsa lau.

Matsalarmu ita ce duk zazzaɓi maleriya muke kiransa. Sai a wuce kemis a sayi maganin maleriya, a haɗa da kafso, alhali babu ɗayansu da ke taɓa ƙwayar mura. Gwajin jini na 'yan mintoci ya isa ya raba gardama. Maganin da ake ba masu murar mai tsanani, oseltamivir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48. Kuma don Allah kada a ba yaro asfirin, farasitamol ya wadatar.

Asibiti ake nufa kai tsaye, ko da tsakar dare, in numfashi ya yi sauri ko haƙarƙarin yaro na shiga ciki, in leɓe ya canja launi, in yaro ya ƙi nono ko ruwa. Haka in an samu sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da tari mai majina, domin sau da yawa nimoniya ce ta biyo baya. Mai ciki, mai asma da mai ciwon suga kada su jira waɗannan alamu, su je tun ranar farko, ko da takardun zama ba su cika ba.