Katin ɗa ba ya ɗaukar uwa: wa zai nuna wa dattawan Chaza hanyar inshorar lafiya?

Tun kafin gari ya waye sosai mutanen Chaza ke fara fita. Ma'aikatan gwamnatin tarayya, direbobin manya, mataimakan 'yan majalisa da masinjojin ofis su kan bi ta Madalla da Zuba su nufi Abuja, ba kuma za a sake ganinsu ba sai bayan magariba, ranar da cunkoson motoci ya yi tsanani sai an yi isha'i. Waɗanda ake bari a gida su ne yara da dattawa: uwar da aka ɗauko daga ƙauye saboda ƙafa ta fara gaza ta, da uban da ya ajiye aiki shekarun baya yana lissafin ranar fansho. Da yawa daga cikin waɗanda suka fita suna ɗauke da katin inshorar lafiya a aljihu. Waɗanda aka bari, waɗanda kuma su ne suka fi kowa zuwa asibiti, galibinsu ba su da shi.

Ma'aikata da dama ba sa gane wannan giɓi sai ranar da hawan jini ya kayar da tsohuwa. Shirin inshorar ma'aikatan tarayya, wanda aka kafa dokarsa a 1999 kuma Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a watan Yunin 2005, yana ɗaukar nauyin ma'aikaci, da matarsa ɗaya ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Iyaye ba sa cikin lissafin. Wanda ya tsara ƙa'idar yana da hoton wani irin gida a ransa, kuma ba irin gidajen Chaza ba ne, inda ake samun kaka da gwaggo da matar uba a ƙarƙashin rufi ɗaya. Shi kansa ma'aikacin farar hula, ranar da ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, katin nasa kan daina aiki tare da albashinsa, daidai lokacin da ciwon suga da yanar ido da ciwon gaɓɓai suke fara sallama. Tsofaffin sojoji ne suka tsira daga wannan, domin akwai tsarin da ke ci gaba da kula da su bayan ritaya.

A ranar 19 ga Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbin tsohuwar hukumar NHIS da NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, cikinsu har da tsofaffi. A watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a gaggauta shirin kula da lafiya kyauta ga 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi da ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo. A takarda, ke nan, dattijo yana da hakki. Sai dai har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fitowa, kuma a gida irin na Chaza aljihun nan na ɗan da ke aiki a Abuja ne.

Iyakar da ba a gani

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne taswira. Suleja ita ce tsohuwar Abuja. Ta sadaukar da sunanta ga sabon babban birni bayan shawarar da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke a 1976, ta ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Amma garin bai shiga Babban Birnin Tarayya ba, yana nan a Jihar Neja. Mutumin da ke kwana a Chaza ya wuni a sakatariyar tarayya ba ya jin ya tsallaka wata iyaka, har sai ya tashi yi wa mahaifiyarsa rajista. Abokin aikinsa da ke zaune a Kubwa ko Dutse zai ba shi labarin shirin inshora na Babban Birnin Tarayya, da kyakkyawar niyya kuwa, amma wannan shiri an gina shi ne a kan mazauna birnin da asibitocinsa. Dattijuwar da ke Chaza tana ƙarƙashin hukumar kula da lafiya ta karo-karo ta Jihar Neja, wadda aka fi sani da NiCare, mai hedikwata a Minna.

Ƙofofin da ke gabanta ba su da yawa, sai dai kowacce da mai tsaronta daban. Akwai Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, ta ware masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Neja na cikin jihohi uku da aka fara gwada shi, tare da Abiya da Osun. Wanda ya samu shiga ba ya biyan ko sisi, ana kuma duba shi a cibiyar lafiya ta matakin farko da aka keɓe a mazaɓarsa. Amma guraben ƙidayayyu ne, an yi su ne domin matalauta da masu rauni, kuma tsufa kaɗai ba ya ba mutum tabbacin gurbi. Akwai kuma shirin NiCare na waɗanda ba ma'aikata ba, inda ake biyan kuɗin shekara a yi amfani da asibitocin da hukumar ta amince da su a jihar. Sai shirin GIFSHIP na hukumar tarayya, da aka fito da shi a 2020 domin ɗaiɗaikun mutane, iyalai da ƙungiyoyi, har da waɗanda suka yi ritaya. A farkonsa ana biyan naira 15,000 ga kowane mutum a shekara idan an shiga a ƙungiyance, an kuma ƙara kuɗin daga baya. A ƙarshe, ƙa'idar ma'aikata ta ba da damar ƙara wani da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikaci idan zai biya masa kuɗi daban, abin da ba kowane ma'aikaci ne ya sani ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta fi sauran a kowane hali. Tsohon da ba ya buƙatar komai sai awon jini da ƙwayoyin wata-wata, cibiyar da ke kusa da gida ta fi masa kowane babban asibiti, domin jikansa zai iya raka shi a Keke Napep ba sai an jira Asabar ba. Wanda kuma likitan zuciya ko na ƙoda ke bibiyarsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko a Asibitin Ƙasa, tambayarsa ta farko ita ce ko shirin da zai shiga zai yarda a tura shi can, ko kuwa hanyarsa za ta karkata zuwa Minna. Amsar wannan tambaya ba a rubuce take a jikin takardar talla ba. Sai an tambayi mutum.

Masu shawara, kowa da ƙofarsa

A nan ne gizo ke saƙar. Masu ba da shawara suna nan, amma a warwatse suke, kuma kowannensu ƙofarsa kaɗai ya sani sosai.

Mafi kusa da ma'aikaci shi ne jami'in da ke kula da teburin inshorar lafiya a ma'aikatarsa. Shi ya san yadda ake ƙara mutum a kati, da takardun da ake nema, da kamfanin dillancin inshora, wato HMO, da ma'aikatar ke hulɗa da shi. Abin da ke faruwa a cibiyar lafiya ta wata mazaɓa a Suleja kuwa ba huruminsa ba ne. Mafi kusa da dattijon shi ne shugaban cibiyar lafiya ta unguwa, wanda kowa ke kira incaji. Shi ya san lokacin da ake buɗe rajistar masu rauni, da irin magungunan da ke zuwa da waɗanda ke yawan yankewa, ya kuma san tsofaffin unguwa da fuska. A bayansa akwai kwamitin raya mazaɓa da mai unguwa, waɗanda akan nemi bakinsu idan ana tantance wanda ya cancanta, sai sashen lafiya na sakatariyar ƙaramar hukumar Suleja. Ga tsohon ma'aikaci, reshen ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa wuri ne da bai kamata a raina ba: a nan ake samun wanda ya riga ya shiga wani shiri, ya kai katinsa asibiti, ya ga abin da aka ba shi da abin da aka hana shi. Ƙungiya ce kuma ke iya haɗa mutane su shiga a jumlace.

Sai wakilin HMO, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa iya bayani, ya fi kowa saurin ɗaga waya. Ba laifi a saurare shi, domin ya san aikinsa. Amma kasuwanci yake yi, kuma ba a sa ran mai sayar da atamfa ya tura mutum rumfar maƙwabcinsa. Bayansa akwai wani rukuni da ya kamata a guje wa baki ɗaya: masu yawo gida-gida suna karɓar kuɗin fom ko lambar katin ɗan ƙasa da sunan za su saka tsoho cikin shirin kyauta. Shirin masu rauni ba a sayar da gurbinsa, kuɗin kowane shiri kuma a asusun hukuma ake zuba shi, a karɓi rasit.

Abin da babu shi ne mutum guda, wanda ba ya sayar da komai, da zai zauna da dattijo da ɗansa ya jera musu duka ƙofofin a kan tabarma ɗaya. Wasu ƙasashe sun gane cewa wannan aiki ne mai zaman kansa. Amurka ta kafa shirin Medicare na masu shekara 65 zuwa sama tun 1965, amma da zaɓuɓɓuka suka yi yawa har suka rikita tsofaffi, sai a 1990 aka samar da masu ba da shawara kyauta a kowace jiha, da yawansu 'yan sa kai, waɗanda ba su da kamasho a kan abin da mutum ya zaɓa. Ghana ta bi gajeriyar hanya: a shirinta da aka kafa a 2003, wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa biyan kuɗin shekara, don haka tsohon da ke zangon Kumasi ba shi da dogon lissafin da zai yi. Najeriya tana da zaɓuɓɓuka irin na Amurka ba tare da masu shawararta ba. Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, ita ce ta fi dacewa da ɗaukar wannan nauyi, kuma horar da mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa ba zai kai kuɗin ginin asibiti ɗaya ba.

Kafin a kai can, ɗan da ke Abuja shi ne mai haɗa bakin zaren, kuma abin da zai tafi da shi wurin kowane mai shawara ya fi muhimmanci a kan wanda ya fara gani. Ya tafi da kwalayen magungunan da tsohon ke sha, ba sunayensu da ka ba, domin kowane shiri yana da jerin magungunan da yake biya, kuma a shirin tarayya majinyaci na biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Ya tambayi abin da shirin ba ya ɗauka: kwanciya a asibiti tana da iyakar kwanaki, wankin ƙoda yana da iyakar adadi, wasu manyan cututtuka kuma rabin nauyi ake ɗauka ko ƙasa da haka. Ya fahimci cewa asibitin da aka zaɓa tun farko shi ne ƙofar komai. Daga nan ake rubuta takardar turawa, sannan a nemi lambar izini kafin babban asibiti ya karɓi majinyaci, kuma wannan lamba ce ke sa iyali zaman jira a kan benci. Saboda haka zaɓen asibitin da ke kusa da ofishin ɗa maimakon wanda ke kusa da gadon uwa kuskure ne da ake yawan yi, sauya shi kuma yana ɗaukar watanni.

Akwai wata ƙaramar matsala da ke hana dattawa da yawa tun a bakin ƙofa, wato lambar NIN. Tsohuwar da aka haifa lokacin da ba a rubuta ranar haihuwa, wadda aka yi wa ƙiyasin shekaru daban-daban a katin zaɓe da na ɗan ƙasa, za ta iya samun kanta a takarda ba ta kai shekarun da ake nema ba. Gyaran wannan aikin hukumar katin ɗan ƙasa ne, kuma ya fi sauƙi a yi shi tana da ƙarfin zuwa a ɗauki hotonta.

Ga mataimakan 'yan siyasa da ke zaune a Suleja akwai wata dama da ke hannunsu fiye da kowa. Shirin GIFSHIP ya yarda wani ya biya wa wasu, kuma an ga 'yan majalisa da attajirai suna ɗaukar nauyin mutanen mazaɓunsu ta wannan hanya. Mataimakin da ke rubuta wa maigidansa jerin ayyukan mazaɓa zai iya saka dattawa ɗari a ciki. Sai dai ya rubuta har da shekara ta biyu, domin kati na shekara ɗaya ne, hawan jini kuwa ba ya ƙarewa da zagayowar shekara.

Rajista kuma ba ta fara aiki ranar da aka biya. Akwai lokacin jira na makonni kafin sunan mutum ya isa asibitin da ya zaɓa, don haka wanda ya garzaya yin rajista bayan an kwantar da mahaifinsa a Babban Asibitin Suleja zai biya kuɗin wannan kwanciya daga aljihunsa. Ofisoshin da ake buƙatar gani, daga sakatariyar ƙaramar hukuma zuwa cibiyar lafiya ta mazaɓa, a ranakun aiki suke cika da jami'ansu, wato daidai sa'o'in da ma'aikacin ke Abuja. Zai buƙaci ya nemi izinin yini ɗaya daga wurin aiki, wataƙila biyu.